Babin Da Ake Ajiyewa Sai Ƙarshen Zango

Duk ɗalibin da ya ratsa tsangayar kimiyya, ko ta likitanci, ko ta aikin gona, ya san akwai wani babi da kullum ake jefa shi can ƙarshen jerin darussa, watau babin da ke bayanin yadda ƙwayoyin gado suke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Da yake kuwa zangon karatu a wurinmu ba safai yake cika makonninsa ba, in yajin aiki bai gutsure shi ba hutun dole ya gutsure shi, sai a wayi gari jarrabawa ta ƙarato ba a kai ga babin ba. A nan ne akan raba takardu shafi huɗu ko biyar, a ce a haddace ma'anar kalmomi goma a zuba su ranar jarrabawa. Malami ya sauke nauyi, ɗalibi ya sami makinsa, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya tambayi abin da aka rasa.

Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za a dubi wannan al'ada. Ilmin sauyawar ƙwayoyin gado ya cancanci ya zama darasi mai zaman kansa, na zango cikakke, da lissafinsa da aikin hannunsa, kuma a wajabta shi a kan duk mai neman digiri a fannin halittu, da kimiyyar sinadaran jiki, da ilmin ƙananan ƙwayoyin cuta, da likitanci. Hujjarmu ba ta buƙatar a tsallaka teku. Tana cikin jininmu, tana cikin sauron da ke hana mu barci a ɗakunan kwana, tana kuma cikin ƙwayar maganin da muke saya a kemis idan zazzaɓi ya kama mu.

Bari mu fara da bayanin abin da ake nufi, saboda 'yan'uwanmu na tsangayar adabi da ta shari'a, waɗanda su ma mujallar nan tasu ce. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mai rai akwai wani dogon rubutu da masana ke kira DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu tak: A da C da G da T. Na ɗan Adam ya kai haruffa wajen biliyan 3. Sashen rubutun da ke ɗauke da umurni ana karanta shi ne uku uku, kowace kalma mai haruffa uku tana nuna wani tubali da ake kira amino asid. Ire-iren tubalan 20 ne, kuma da su ake gina furotin, irin su himogulobin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai an kwafe rubutun nan kakaf, kuma mai kwafi, komai ƙwarewarsa, wata rana alƙalaminsa zai yi tuntuɓe.

Wanda ya taɓa duba tsofaffin littattafan da malaman Kano da Katsina da Sakkwato suka kwafa da hannu ba zai sha wahalar gane sauran ba. Idan wani marubuci ya tsallake ɗigo, ko ya musanya harafi, duk almajirin da ya kwafa daga kwafinsa zai gaji wannan tuntuɓe, haka ma almajiran almajirinsa. Bayan shekaru ɗari biyu, in wani mai bincike ya tara kwafi ashirin na littafin, zai iya jera su dangi dangi ta hanyar kura-kuran da suka yi tarayya a kai, ya ce waɗannan shida daga hannu ɗaya suka fito, waɗancan kuwa sun rabu da su tun da daɗewa. To, abin da mai nazarin sauyawar ƙwayoyin gado yake yi ke nan. Yana jera rubutun halittu gefe da gefe, ya ƙidaya bambanci, ya fitar da salsala, sa'an nan ya tambayi dalilin da ya sa wani sauyi ya bazu wani kuma ya ɓace.

Mu ɗauki amosanin jini, watau sikila, domin a ƙasar nan da wuya a sami zuriyar da ba ta san zafinsa ba. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa himogulobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. Tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya gano ainihin inda bambancin yake: tubali ɗaya ne rak, na 6 a cikin sarƙar tubala 146. A rubutun gado kalmar wurin ita ce GAG. Idan harafin tsakiya ya sauya ta koma GTG, an sami sikila. Idan harafin farko ne ya sauya ta koma AAG, an sami wani nau'in da ake kira C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana. Idan kuwa harafin ƙarshe ne ya sauya ta koma GAA, babu abin da zai faru, domin kalmomin biyu tubali ɗaya suke nunawa. Kalma ɗaya ce mai haruffa uku, amma abin da zai biyo baya, kwanciya asibiti ko rayuwa lafiya lau, ya danganta ne da harafin da alƙalami ya yi tuntuɓe a kansa.

Tambayar da ta kamata ta hana ɗalibi barci ita ce: in har wannan sauyi yana kashe yara tun suna ƙanana, me ya hana shi ƙarewa tun zamanin kakannin kakanni? A 1954 Anthony Allison, wanda ya yi aikinsa a Gabashin Afirka, ya ba da amsa, cewa mai ɗauke da kwafi ɗaya na sauyin, watau wanda muke kira AS, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Binciken da ya biyo baya ya nuna kariyar ta kai kusan kashi 90 cikin 100 game da zazzaɓi mai tsanani. Wani abin da ya kamata kowane ɗalibinmu ya sani shi ne, ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi a kan wannan magana a ƙasar Hausa aka samo ta. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin tana Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jigawa. Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen ƙauyukan, suka buga sakamakon a 1979. Sun tarar a cikin jarirai sababbin haihuwa kimanin kashi 24 cikin 100 AS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya hau zuwa kashi 29. Masu SS kuwa kimanin kashi 2 cikin 100 ne a wajen haihuwa, amma a cikin manya sai da ƙyar ake ganin ɗaya. Mutum ba ya sauya nau'in jininsa yana girma, saboda haka fassarar alƙaluman ɗaya ce: mutuwa ce take tankaɗe da rairaya, sikila na ɗebe masu SS, zazzaɓi na ɗebe wani kaso na masu AA, su kuwa masu AS suna tsallakewa a tsakiya. Ɗalibai a jami'o'in Turai suna karanta labarin Garki a littattafansu, alhali ɗan Gumel ko Ringim da ke zaune kusa da mu a aji yana iya kammala digiri bai taɓa jin an ambaci sunan garin a lacca ba.

Akwai wani ɗan lissafi da Hardy da Weinberg suka fitar tun 1908, wanda ba ya buƙatar komai sai fensir. Idan a cikin kowane kwafi 100 na wannan ƙwayar gado 14 na sikila ne, 86 kuwa lafiyayyu, to rabon jariran da za su gaji na sikila ta uwa da uba shi ne 0.14 sau 0.14, watau kusan kashi 2 cikin 100. Rabon masu AS kuwa shi ne 2 sau 0.14 sau 0.86, watau kashi 24 cikin 100. A duba a gani, daidai da abin da aka auna a Garki. Wannan kashi 2 shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 da cewa ya kai jarirai wajen 150,000 kowace shekara a Nijeriya. Lissafin yana kuma koya mana wani abu mai amfani yau da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Gwajin abu ne mai kyau ƙwarai, zai rage haihuwar masu SS in an bi shi. Amma kashi 86 cikin 100 na dukkan kwafin sikila suna jikin masu AS ne, mutane lafiyayyu masu aure da haihuwa, saboda haka duk jami'in lafiyar da ya yi wa jama'a alkawarin cewa gwaji zai kawar da sikila daga ƙasa cikin zuriya ɗaya ya faɗi abin da ba zai yiwu ba. Gwaji aiki ne da za a yi ta yinsa zuriya bayan zuriya. Haka kuma wanda ya fahimci tarihin abin ba zai dubi budurwa mai AS kamar mai wani tabo ba, tun da abin da take ɗauke da shi shi ne ya tsirar da kakanninta daga zazzaɓin damina.

Har yanzu ma ba a rufe babin ba. Shekaru da yawa ana koyar da cewa sauyin sikila ya auku sau da dama a wurare dabam dabam, saboda an same shi tare da salon rubutu iri biyar a kewayensa, waɗanda aka raɗa wa sunayen Senegal, da Benin, da Kamaru, da Bantu, da na Larabawa da Indiya. Na Benin shi ya fi yawa a Nijeriya. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda haifaffen Nijeriya ne mai aiki a Amurka, suka bi rubutun gado na mutane kusan 3,000, suka ce sau ɗaya tak abin ya auku, kimanin shekaru 7,300 da suka wuce, a zamanin da hamadar Sahara take kore shar da tafkuna da makiyaya. Shekara guda bayan haka wasu masana a Faransa suka ce sauyin ya girmi haka nesa. Ana jayayya ce a kan tarihin jininmu, kuma ɗalibin da aka ba ma'anar kalmomi goma ya haddace ba shi da abin da zai bi jayayyar da shi, balle ya sa baki.

Dalilin da ya sa muka nace a kan lissafi shi ne, ƙashin bayan wannan fanni ƙidaya ce. A 1962 Emile Zuckerkandl da Pauling suka lura cewa yawan bambancin da ke tsakanin furotin na halittu biyu yana tafiya da tsawon zamanin da masana suka ƙiyasta na rabuwarsu. A ɗaya sarƙar ta himogulobin, mai tubala 141, mutum da doki sun bambanta a wurare 18, mutum da wani kifin ruwan daɗi kuwa a wurare 68. Daga nan aka sami abin da ake kira agogon ƙwayoyin gado. A 1968 Motoo Kimura na Japan ya kawo ra'ayin da ya ta da ƙura, cewa mafi yawan sauye-sauyen da ke taruwa a rubutun gado ba sa amfani ba sa cutarwa, kamar GAG da GAA ɗin nan, kuma dace ne kawai yake sa wani ya bazu wani ya mutu. An yi shekaru ana ta kai ruwa rana a kan maganarsa. Amma a yau ita ce ma'auni: sai ka san yadda rubutu ke sauyawa in babu abin da ke matsa masa, kafin ka iya nuna wurin da wani abu, magani ko cuta ko yanayi, yake matsa masa.

Kada a ɗauka agogon nan na auna miliyoyin shekaru ne kaɗai. Ƙwayar cutar shan inna tana sauya kimanin harafi ɗaya cikin 100 a kowace shekara, a wani sashe nata mai haruffa wajen 900 da ake karantawa don bin sawunta. A watan Agusta na 2016, bayan an yi shekara biyu ba a ga mai kamuwa da nau'in daji na cutar a Nijeriya ba, har an fara shirin murna, sai aka sami yara biyu da ta shanye a ƙananan hukumomin Gwoza da Jere na Jihar Borno. Tambayar farko ita ce daga ina ta fito. Da aka karanta rubutunta sai aka ga danginta mafi kusa wata ce da aka yi wa ganin ƙarshe a Borno a 2011. Ma'ana, cutar ba baƙuwa ba ce, ta yi shekara biyar tana yawo a ɓoye a yankunan da rikici ya hana masu rigakafi shiga. Wannan karatu shi ya nuna inda za a fuskanta, aka yi gangamin rigakafi a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, har aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020 da aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'in daji na cutar. Ta wannan hanya kuma ake gane nau'in da ke samo asali daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon rigakafi, wadda takan sake yin ƙarfi in ta daɗe tana yawo a inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba. Fahimtar haruffan da ke sauyawa ita ta ba da damar ƙera sabon ɗigo mai wuyar komawa baya, wanda aka fara amfani da shi a Nijeriya a watan Maris na 2021. Magana ce mai sarƙaƙiya, kuma duk inda aka rasa ɗan gari mai iya warware ta da harshen mutane, jita-jita ce take cike gurbin.

Sai batun maganin zazzaɓi, wanda a ganinmu shi ya fi gaggawa, tun da kimanin rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Iyayenmu sun san kulorokwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, sun kuma san zamanin da yake aiki kamar yankan wuƙa. A ƙarshen shekarun 1950 ƙwayar zazzaɓin da ba ta jin sa ta ɓulla a Kolombiya da kuma kan iyakar Tailan da Kambodiya. Ta iso Gabashin Afirka a 1978, ta shigo Yammacin Afirka cikin shekarun 1980, yara suka yi ta mutuwa ana ɗura musu maganin da ya daina aiki, kuma Nijeriya ba ta sauya shi a hukumance ba sai 2005. A shekarar 2000 ne aka gano ƙwayar gadon da ke da alhakin abin, da sauyin tubali na 76 a cikinta, kuma bin salsala ya nuna cewa wadda ta addabi Afirka daga kudu maso gabashin Asiya ta yi hijira. Malawi ta ba da wani darasin. Ta janye kulorokwin tun 1993, kuma cikin shekaru goma ƙwayar da ke jin magani ta sake mamaye ƙasar, domin jure magani yana da tsada ga ita kanta ƙwayar, in babu maganin sai 'yar'uwarta ta rinjaye ta.

Yau dogaronmu yana kan magungunan da aka haɗa da atimisinin. An fara ganin raguwar ƙarfinsa a Kambodiya wajen 2008, aka gano ƙwayar gadon da abin ya shafa a 2014. A 2020 aka ba da rahoton irin wannan sauyi a Ruwanda, a 2021 a Yuganda, kuma karatun rubutunsu ya nuna ba daga Asiya suka zo ba, a nan Afirka suka tsiro. Duk wanda ya san yadda ake shan magani a garuruwanmu, a sayi rabin kati, a sha kwana ɗaya a ajiye da zarar jiki ya yi sanyi, ya san muna shimfiɗa wa ƙwayar tabarma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai lura da sauyin tun yana cikin mutum ɗaya daga ɗari, kafin asibitoci su cika, shi ne wanda aka koya wa karanta rubutun gado da auna yaɗuwar sauyi, kuma irin wannan mutum a ajinmu ya kamata a yaye shi.

Mun san akwai abin da ba a faɗa da ƙarfi, wanda kuma yana daga cikin dalilan da suka sa malami da ɗalibi duka suke jin sauƙi in babin ya faɗa bayan jarrabawa. Da an ambaci sauyawar halittu sai zukata su tafi ga maganar biri da mutum, sai wani ya ji kamar ana neman taɓa masa imani. Ba ma raina wannan damuwa, kuma maganar asalin ɗan Adam tana da malamanta, ba a shafin mujallar ɗalibai za a yanke ta ba. Ba za mu ɓoye ba kuma cewa darasin ya ƙunshi kwatanta rubutun mutum da na sauran halittu, kuma masana fannin suna fassara kamannin da suka gani da cewa alamar tushe ɗaya ce. Amma ɗalibin jami'a ya isa a gaya masa abin da masana suka ce da hujjar da suka dogara da ita, ya auna da hankalinsa, ya kuma tambayi malamansa na addini da sani a hannunsa. Ɗan'uwanmu na sashen tattalin arziki yana karanta Karl Marx har ya ci jarrabawa a kansa, ba wanda ya ce ya zama ɗan gurguzu. Sa'an nan kuma ƙwayar zazzaɓi ba ta jiran mu gama muhawara. Sauyin tubali na 76 abu ne da ake aunawa a ɗakin gwaji, kowa ya auna zai samu, ko mene ne addininsa.

Uzuri na biyu shi ne kuɗi, kuma shi ne mafi rauni. Gaskiya ne injin karanta rubutun gado da sinadaransa suna da tsada, wutar lantarki kuma sai a hankali. Amma koyon fannin ba ya farawa da inji. Tun 1982 aka kafa wata taska mai suna GenBank, inda masu bincike na duniya suke zuba duk rubutun da suka karanta, kuma kowa na iya ɗiba kyauta ta intanet. Akwai manhajar kwamfuta mai suna MEGA, ita ma kyauta, wadda ke jera rubutu ta zana bishiyar salsala, kuma tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta ishe ta. Da waɗannan biyu, a yini ɗaya ɗalibi zai iya sauko da rubutun ƙwayar zazzaɓin Lassa daga Nijeriya da Saliyo da Gini da Laberiya, ya jera su, ya ga da idonsa abin da masana suka buga a 2015, cewa rassan Nijeriya su ne mafi tsufa, kuma daga nan cutar ta yaɗu zuwa yamma cikin ɗaruruwan shekaru, tun kafin a san da ita a garin Lassa na Borno a 1969. Gani ya kori ji. Abin da ake buƙata shi ne ɗaki mai wuta na awa uku a mako, da malamin da aka ba lokaci da horo.

In ba a yi haka ba, matsayin da muka daɗe a kai shi za mu ci gaba da riƙewa. Cuta ta ɓarke, baƙi su zo, a ɗauki yaranmu masu digiri su yi tafinta, su ɗebi jini, su lika lamba a kwalba, a sa a ƙanƙara a haye da shi. Bayan shekara biyu sakamako ya fito a wata mujalla da ɗakin karatunmu ba ya iya biyan kuɗinta, sunan ɗan gida yana can tsakiyar jeri in ma an sa shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba zargin baƙin muke yi ba, domin wanda ya iya karatu shi ake miƙa wa wasiƙa. Kuma an riga an nuna mana cewa abin yana sauyuwa. A 2018, da zazzaɓin Lassa ya yi ƙamari har aka fara fargabar ko wani sabon nau'i ne mai saurin bi daga mutum zuwa mutum, a nan cikin gida aka karanta rubutun ƙwayar, a asibitin koyarwa na Irrua da ke Jihar Edo da kuma cibiyar da Farfesa Christian Happi ke jagoranta a Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun. Sakamakon ya nuna ƙwayoyin ba dangi ɗaya ba ne, yawancinsu daga ɓeraye suka tsallako ɗaya bayan ɗaya, sai hankalin hukuma ya koma kan ɓera da rumbu da tsabtar abinci. Cibiyar ta Ede ce kuma, tare da abokan aikinta na Legas, ta fara karanta rubutun ƙwayar korona a nahiyar Afirka, a farkon watan Maris na 2020, kwanaki kaɗan bayan an sami mutum na farko da ya kamu a ƙasar nan. Muna taya su murna da zuciya ɗaya. Muna kuma tambaya, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, inda sikila da zazzaɓi da sanƙarau suka fi yi mana ɓarna, ɗalibai nawa ake shiryawa su yi irin wannan aiki?

'Yan'uwanmu na aikin gona kada su ce ba da su ake ba. Tsutsar nan mai cinye masara, da aka fara ba da rahotonta a Afirka a 2016 daga kudu maso yammacin Nijeriya, da taimakon rubutun gadonta aka tabbatar baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, kuma yadda ƙwayar zazzaɓi ke koyon jure magani haka ƙwarin gona ke koyon jure feshi.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, musamman wakilanmu da ke zama a kwamitocin tsangaya, su kai wannan magana gaban shugabannin sassa a rubuce, ba a bakin baranda ba. A fitar da babin daga wutsiyar darasin gado a ba shi zango nasa a shekara ta uku, bayan ɗalibi ya yi lissafin ƙididdiga, domin wanda bai san ƙididdiga ba zai koma haddar da muke kuka da ita. A sa rabin makin a kan aikin kwamfuta, kowane ɗalibi ya zana bishiyar salsala da hannunsa ya kare ta a gaban aji. Misalan kuma a fara da Garki da Gwoza da Lassa kafin a tafi tsibiran Galapagos. Mun san sauya tsarin karatu sai ya bi ta majalisar jami'a, kuma majalisa ba ta gaggawa. Kafin ta zauna, ƙungiyoyin ɗalibai na sassan halittu suna iya neman aron ɗakin kwamfuta ranar Asabar da safe, su roƙi ɗaya daga cikin matasan malamanmu da suka dawo daga ƙarin karatu ya zauna da su, a fara da rubutun himogulobin na mutum da doki da kifi, kowa ya ƙidaya bambancin da kansa.